Me ya sa makaɗan tabla suke gyaɗa kai a lokaci ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na kalli wani bidiyo na marigayi Zakir Hussain yana kiɗan tabla, gangunan nan na Indiya, tare da wani mai sitar, abin kiɗa mai tsirkiya kamar molo. Kowa yana nasa kiɗan kamar ba ruwansa da ɗan'uwansa, can sai su dira wuri guda, su kalli juna su gyaɗa kai, jama'a su ɗau sowa. Wasu 'yan kallo kuma suna tafi sau uku, sannan su juya tafin hannu sama ba tare da sun tafa ba. Haddace kiɗan suka yi, ko akwai wani lissafi a ciki? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Akwai lissafi, Malam, kuma sunansa tal. Kiɗan gargajiya na arewacin Indiya, wanda ake kira Hindustani, a zagaye yake tafiya. Ana ware adadin bugu, a ce 16 ko 10 ko 7, idan an kai ƙarshe a dawo farko. Kowane bugu sunansa matra, na farkon kuma shi ne sam. Wurin da ka ga sun gyaɗa kai, sam ne. Mai sitar yana iya yin nisa yana ƙirƙirar abin da bai taɓa kaɗawa ba, mai tabla ma haka, amma kowannensu yana riƙe da ƙirga a ransa, ya san bugu nawa ya rage a isa gida.

Kafin ka iya jin zagayen, sai ka san gangunan. Tabla biyu ce. Ta dama, dayan, ƙarama ce ta itace mai siririyar murya, ana saita amonta da 'yar guduma har ya dace da muryar mawaƙi. Ta hagu, bayan, mai faɗin ciki ce, yawanci ta ƙarfe, muryarta kauri gare ta. Baƙin tabon nan da ke kan fatar, garin ƙarfe ne da aka kwaɓa da sitaci aka shafa hawa-hawa, shi ke sa gangar ta yi amo kamar ƙararrawa. Kowane irin bugu yana da sunan da ake furtawa da baki, ana ce masa bol. Ta da Tin na hannun dama ne kaɗai. Idan aka haɗa su da muryar ta hagu, sai su zama Dha da Dhin. Riƙe wannan bambancin.

Zagayen da aka fi kaɗawa shi ne tintal, mai bugu 16, an kasa shi gida huɗu, kowane gida bugu huɗu:

Dha Dhin Dhin Dha / Dha Dhin Dhin Dha / Dha Tin Tin Ta / Ta Dhin Dhin Dha

Ana tafi a bugu na 1 da na 5 da na 13. A na 9 ba a tafi, juya hannu ake yi, wannan shi ne khali, wato fanko. Abin da ka ga 'yan kallo suna yi ke nan. Dubi jerin da kyau: daga bugu na 10 zuwa na 13 babu Dha babu Dhin, ma'ana gangar hagu ta yi shiru. A na 14 take dawowa. To idan ka ɓace a tsakiyar kiɗa, kada ka wahalar da kanka da neman farko. Kasa kunne ka ji inda kaurin ya ɗauke. Da ya dawo, ƙirga uku, na huɗun shi ne sam. Ni da wannan dabarar nake fara koya wa kowa sauraro, domin wanda ya fara da haddar lambobi yakan shagala da yatsunsa har kiɗan ya wuce shi.

Dirar nan da ta burge ka kuwa, sau da yawa da tihai ake yin ta: jimlar kiɗa guda a maimaita ta sau uku, bugun ƙarshe na ta ukun ya faɗa daidai kan sam. Ga misali a tintal. Ɗauki jimla mai bugu 5, ka bar hutun bugu 1 tsakanin kowace maimaitawa. Uku sau biyar 15, ga hutu biyu, 17 ke nan. Ka fara a bugu na 1, za ka ƙare a na 17, wanda shi ne na 1 a sabon zagaye. Gwani yana yin irin wannan lissafin daga ko'ina a cikin zagayen, hannunsa na gudu, yana murmushi. Mai sauraron da ya saba, tun daga maimaitawa ta biyu ya gane inda aka dosa, shi ya sa sowar takan fashe tare da bugun.

Sauran zagayen ba sai na tsawaita ba. Jhaptal bugu 10 ne, a kasa shi 2, 3, 2, 3. Ektal 12 ne, mawaƙan khayal, wani salon waƙar gargajiya na Hindustani, sukan ja shi a hankali har zagaye ɗaya ya ci kusan minti guda. Rupak mai bugu 7, wato 3, 2, 2, shi ne ɗan tawayen cikinsu, domin a kan khali yake farawa, sam ɗinsa ba shi da kauri, sabon shiga yakan ɗauka tsakiya ne. Keherwa mai 8 da dadra mai 6 kuwa, duk wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa ya sha jin su ko da bai san sunansu ba, don su ne suka fi yawa a waƙoƙin fim.

Game da hadda, akwai ta, mai yawa ma. Ɗalibi yakan shafe shekaru a gaban malaminsa yana karanta bol da baki yana tafi, kafin a yarda da hannunsa. Gidajen koyarwa shida ne suka shahara: Delhi, Ajrara, Lucknow, Farrukhabad, Banaras da Punjab. Zakir Hussain, wanda aka haifa a 1951 ya rasu a Disambar 2024, ɗan gidan Punjab ne, a wurin mahaifinsa Alla Rakha ya koya, shi kuma mahaifin ya daɗe yana yi wa Ravi Shankar, shahararren mai sitar, kiɗa. Sai dai abin da aka haddace kayan aiki ne, yadda za a jera su a dandali kuma a nan take ake yanke shawara.

Idan za ka sake kallo, nemi bidiyon da mai tabla yake kiɗa shi kaɗai. Za ka ga wani a gefe da sarangi, mai kama da goge, ko harmoniyam, akwatin kiɗa mai madannai, yana maimaita gajeren sauti guda ba ya canzawa. Lehra ake kiran sautin, tsawonsa daidai da zagaye ɗaya. Idan tintal ne, bi shi da tafi, 1, 5, juya hannu a 9, tafi a 13, ka bar mai tabla ya yi ta yawonsa.