Gabana na faɗuwa duk lokacin da na ɗaure kaya a tirela

Tambaya: Assalamu alaikum. Na yi shekara huɗu ina yaron mota, sai watan jiya maigidana ya damƙa mini tirela mai shimfiɗaɗɗen bodi, irin wadda ba ta da bango. Tuƙin bai dame ni ba, ɗaurin kaya ne ke hana ni sukuni. Ranar da na ɗauko rodi daga Legas idona na kan madubi har Kano. Abokai na cewa in daina wahalar da kaina, wai kaya masu nauyi su ke riƙe kansu. Yaya zan yi da wannan fargaba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Fargabarka ba ta tayar mini da hankali kamar maganar abokan nan naka ba, don maganar tasu ce ke kai direbobi kabari.

Nauyi ba ya riƙe kaya. Ka taka birki da ƙarfi, mota ta tsaya, kayan su ba su san an tsaya ba, gaba suke son ci. Dokokin ɗaurin kaya na Amurka da na Turai duk sun ginu ne a kan lissafi ɗaya: ɗaurinka ya iya tare kashi 80 cikin ɗari na nauyin kayan idan suka yunƙuro gaba, da kashi 50 idan suka yi gefe a kwana. Ka ɗauko rodi tan 30, a birkin gaggawa kamar tan 24 ne ke turowa wajen ƙeyarka. Ƙarfe a kan ƙarfe kuwa santsi gare shi, balle in ruwa ko baƙin mai ya taɓa bodin. Abin da zai riƙe da kansa bai taka kara ya karya ba. Sauran duk yana wuyan sarƙa da bel. Shi ya sa ake shimfiɗa katako ko faifan roba kafin a sauke ƙarfe, a kuma matsa kayan su jingina da shingen gaba, kada a bar musu filin ɗaukar gudu.

Bel ɗin da ka wurga ta saman kaya, aikinsa danne su ƙasa ne. In ya sauko a miƙe daga saman lodi zuwa gefen bodi, yana danna sosai. In kayan gajeru ne, bel ya kusa kwanciya, to ko ka ɗame shi har jijiyar wuyanka ta fito, dannawar kaɗan ce; ƙara yawan bel ɗin. Rodi da bututu kuma a zagaye damin gaba ɗaya da sarƙa, don na tsakiya su ke zamewa kamar tsinken tsintsiya.

Nawa ne ya isa? Kowane bel na kirki yana da tambarin nauyin da zai iya ɗauka. A ƙa'idar Amurka, in ka tara ƙarfin dukkan abin ɗaurinka, kada ya gaza rabin nauyin kayan, kuma dogayen kaya su samu ɗauri aƙalla ɗaya a kowace ƙafa 10. Wannan mafi ƙaranci ne, kuma an tsara shi ne don titunan da ba su da ramuka irin namu. Ni dai ban taɓa jin an ci tarar direba don ya ƙara bel biyu ba. Bel ɗin da ya tsage, ko aka ƙulle shi a tsakiya, ko rana ta cinye shi, kada ka lissafa da shi. Inda zai bi ta kan kaifin ƙarfe, sa masa guntun tsohuwar taya. Tamfol kuma rufi ne kawai, ba ya cikin lissafi.

Kwantena ba ta son dogon bayani: makullanta huɗu na kusurwa, ka juya kowanne da hannunka, ka gani da idonka. A Janairun 2023 wata ta rikito a gadar Ojuelegba da ke Legas ta danne bas, mutum tara suka rasu.

Yanzu maganar kallon madubi. Kaya suna zama bayan an fara tafiya, musamman buhunan siminti da katako. Bel ɗin da ka bari kamar tsirkiyar garaya sai ka tarar ya saki. Don haka ka tsaya ka duba kafin ka cika kilomita 80, daga nan duk bayan awa uku ko kilomita 240, haka dokar Amurka ta ce, kuma shawara ce mai kyau a ko'ina. In daga Legas ka taso, garin Ogere da ke kan hanyar Ibadan ya yi. Ka ƙara dubawa kafin gangare irin na Hawan Kibo, da bayan duk wani birki mai tsanani, amma a wurin da ka amince da tsaronsa. Ka zagaya motar da kanka, kada ka aiki yaro. Bugi kowane bel da tafin hannu: mai ƙarfi zai amsa maka da ƙara, wanda ya saki sai ya yi lakwas. In masu lodi suna azalzalarka ka ba na baya wuri, ja gefe ka ƙarasa ɗaurinka a can.