Amsa ga 'yar'uwar da ke son komawa karatun likita bayan digiri

'Yar'uwa, tambayarki ta taɓa ni ƙwarai. Kin gama Bayokemistiri, kin yi bautar ƙasa, ga aure ga yaro, kina tambaya ko za ki iya komawa MBBS, wato digirin likita, ta DE (shiga kai tsaye ga mai digiri ko makamancinsa) ko kin makara. Ba ki makara ba. Ni ma ta wannan ƙofar na shiga da goyo a bayana, kuma ga shi Allah Ya kawo ni shekarar ƙarshe.

Amma kada wani ya ce miki abin da sauƙi. Aji biyu za a sa ki, saura shekara biyar ke nan idan babu yajin aiki. Na ASUU na 2022 kaɗai wata takwas ya cinye mana muna zaune a gida. Gurbin DE kuma ɗan kaɗan ne, saboda MDCN, hukumar da ke kula da aikin likitoci a Najeriya, ta ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta ɗauka, kuma yaran da suka shigo ta UTME, wato jarabawar JAMB, su ne ke kwashe mafi yawa. Ki duba WAEC ko NECO ɗinki tun yau: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, duk da kiredit, wasu makarantun ma a zama ɗaya suke so. Takardar sakamakon digirinki kuwa ki fara bibiyarta kafin JAMB ta buɗe fom, don tana iya kwana a ofis har a rufe.

Abin da ba zan manta ba shi ne jarabawar baki ta Anatomi (ilimin tsarin jikin mutum) a MB ta farko, wato babbar jarabawar farko ta ɗaliban likita. A daren da za a wayi gari a yi ta yarona ya kwana da zazzaɓi, ban runtsa ba. Na shiga, wani malami, ba zan kama suna ba, ya miƙo min ƙashin dantse ya ce in faɗi na dama ne ko na hagu. Na sani, wallahi na sani, amma hannuna sai rawa yake. Bai ko jira na buɗe baki ba, ya dubi zoben hannuna ya ce, "Hajiya, da kin zauna gida kin tuƙa wa maigida tuwo, kin tare wa yara kujera a banza." A gaban malamin da aka gayyato daga wata jami'a! Yaran da na girme wa da kusan shekara goma suna bakin ƙofa suna ji. Na fito na shige banɗaki na yi kuka har hijabina ya jiƙe, ga warin fomalin, maganin adana gawa, a jikina, ga nono ya cika yana min zafi. Sai da na sake rubuta Anatomi a wannan zangon. Har yau idan na hango shi a farfajiya gabana faɗuwa yake. Na bar shi da Allah, amma ban ce na yafe ba. Mutum yana da 'ya'ya mata a gida ya iya faɗa wa 'yar wani haka?

Digirinki zai taimake ki a Bayokemistiri, amma Anatomi sabuwa ce fil, ki rage girman kai ki shiga rukunin karatun yaran nan, suna da kaifin hadda. Masu ce miki ki tafi waje kuma, ki tuna 'yan'uwanmu da yaƙin Sudan ya koro a 2023 karatu bai ƙare ba, kuma duk wanda ya karanto a waje sai ya zauna jarabawar MDCN kafin ya taɓa majinyaci a nan. Bautar ƙasa dai ba za ki maimaita ba.

Maganar maigida ita ce babba. Kada ki tsaya a "na amince" na baki, ku zauna da iyaye a yi ta a fili, da kuɗin makaranta da kwanan asibiti idan kin shiga aji huɗu. Ni mahaifiyata ce ta riƙe min yaro, Allah Ya saka mata da Aljanna. Ke wa zai riƙe miki naki? Ki samo wannan amsar kafin ki sayi fom, sannan ki yi min magana ta akwatin saƙo in turo miki tsofaffin tambayoyin da na tara.