Mai sayen jakunkunana a Amurka ta ce na yaudare ta, me ya faru?

Tambaya: Ina ɗinka jakunkunan fata a Kano, ina tallarsu a Instagram. Shekara uku ke nan ina aika wa wata mata a Amurka lafiya lau. A wannan karon sai aka ce ta biya haraji kafin a miƙa mata kayan, ta fusata, wai na ɓoye mata kuɗi. Ina laifina?

Amsa: Hajiya, doka ce ta sauya. A da, duk ƙunshin da darajarsa ba ta wuce dala 800 ba yana shiga Amurka ba tare da haraji ba. Ranar 29 ga Agusta 2025 gwamnatin Trump ta dakatar da wannan rangwame ga dukkan ƙasashe, don haka ko jaka ɗaya ce kwastan na iya cajinta. Turai ma ta riga su: tun Yulin 2021 Tarayyar Turai ta soke sassaucin da take yi wa kayan da ba su kai yuro 22 ba, yanzu kowane ƙunshi ana biyan harajin sayen kaya na VAT a kansa.

Kuskurenki ɗaya ne, ba ki faɗa mata tun kafin ta biya ba. Ki tambayi kamfanin da ke kai miki kaya ko za ki iya biyan harajin daga nan, ki sa shi cikin farashi. Mai saye ya fi jure tsada a kan kuɗin ba-zata a ƙofar gida. Kuma don Allah kada ki bi shawarar masu cewa ki rubuta "kyauta" ko ki rage kuɗin a takarda. Idan aka gano, ana iya riƙe kayan, a ci ki tara.

Sai maganar fata. Ta akuya da ta saniya ba damuwa. Ta mesa, kada ko damo kuwa tana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don taƙaita cinikin namun daji da sassan jikinsu, ba a fitar da ita sai da izini daga Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. In babu, ƙwacewa za a yi, ko da ɗan ado ne a bakin jaka.

Idan oda ta fara yawa, ki yi rajista da CAC (hukumar rajistar kamfanoni) da NEPC (hukumar bunƙasa fitar da kaya ƙasashen waje), ki cike fom ɗin NXP, wato fom ɗin bayyana kayan da ake fitarwa, ta bankinki. Babban Banki yana buƙatar kuɗin kayan su dawo gida cikin kwana 180.