An rubuta wa ɗana shekara 19 alhali 15 gare shi

Wata baiwar Allah daga Kano ta turo cewa an kama ɗanta cikin wasu samari kan zargin ƙwacen waya, wata biyu kenan yana gidan yari tare da manya, kuma a takardar tuhuma an sa masa shekara 19.

Hajiya Allah ya kawo mafita. Gaskiya wannan 19 ɗin ita za ku fara yaƙa kafin ma a zo kan maganar waya, domin a Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, Kano ma ta yi tata dokar kare yara a 2023, kuma dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta hana a haɗa yaro da manya a tsare. Wurinsa gidan ajiye yara ne in ma ba a ba da belinsa ba. Ki nemo takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, in babu to satifiket ɗin firamare ko katin rigakafinsa, lauya ya kai gaban alƙali ya nemi a gyara shekarun. In ana tantama kotu na iya sa likita ya duba shi.

Irin yaran da ake tararwa a tsare kusan labarinsu ɗaya ne, maza ne, sun bar makaranta ko almajirai ne, wasu da ɗan shaye-shaye, kuma da yawansu ba a ma yanke musu hukunci ba, jira kawai suke don ba mai bibiyar fayil ɗinsu. Kin dai ga yaran zanga-zangar tsadar rayuwar nan da aka kai kotu a Abuja a Nuwamban 2024 wasu har suna faɗuwa, kusan wata uku suna tsare sai da duniya ta gani sannan aka sake su.

Abu ɗaya da zan ja hankalinki, ki duba me aka rubuta a tuhumar. In sata ce majistare zai iya ba da beli, amma in an ce da wuƙa to an koma fashi da makami, sai babbar kotu, kuma za a ce ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a, a nan ne yara ke shafe watanni. In kuɗin lauya ne babu ki je ofishin Legal Aid Council, wato hukumar gwamnati da ke ba marasa ƙarfi lauya, kyauta suke yi, ki tafi da takardun da lambar shari'ar.