Ina Makomar 'Yar Wasan Ƙwallon Kwando Bayan Ta Ajiye Wasa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. 'Yata tana aji biyar a sakandare, ta ƙwallafa rai ga ƙwallon kwando har tana cewa shi za ta riƙa a matsayin sana'a. Damuwata ita ce wasa abin ƙuruciya ne. Shin akwai macen da ta ajiye wasa, kuma fannin ya ci gaba da riƙe ta?
Daga wata uwa a Runjin Sambo, Sakkwato.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Akwai, kuma misalin da zan ba ki shi ne Swin Cash, Ba'amurkiyar da aka haifa a 1979. Ta fara fice ne a Jami'ar Connecticut, inda ta ci kofin jami'o'in Amurka a 2000 da 2002, kafin ƙungiyar Detroit Shock ta ɗauke ta zuwa gasar ƙwararrun mata ta WNBA. Ta ɗaga kofin gasar sau uku, biyu da Detroit a 2003 da 2006, ɗaya da Seattle Storm a 2010, ga kuma zinare biyu na Olamfik a 2004 da 2012.

Fargabarki tana kan hanya, domin ita kanta Cash ta ji mummunan rauni a gwiwa a 2004, lokacin da tauraruwarta take tsakiyar haskawa. Da ta yi ritaya a 2016, ƙungiyarta ta ƙarshe, New York Liberty, ta ba ta muƙamin darakta a ofishinta, sannan a 2019 New Orleans Pelicans, wadda ƙungiyar maza ce a gasar NBA, ta naɗa ta mataimakiyar shugaba mai kula da harkokin wasa, aikin da ya haɗa da zaƙulo sababbin 'yan wasa da lura da ci gabansu. A ganina, kofuna kaɗai ba su isa su kai ta wannan kujera ba, don kuwa da yawa sun ci kofi sun koma gida. Ita ta kammala digirinta, kuma tun tana wasa take sharhin wasanni a talabijin.

Saboda haka, Hajiya, kada ki raba ta da ƙwallo, amma ki sa mata sharaɗin cin WAEC da JAMB. Idan ta sami gurbi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, gasar NUGA ta jami'o'in Najeriya tana nan, kuma akwai ƙwallon kwando na mata a cikinta.