Riba a Wasan Bidiyo, Shago Kuwa Jiya I Yau

Wani ɗan kasuwa ya aiko da tambaya: "Malam, ina da ɗan shago. Da dare in na rufe, nakan buga wasannin nan masu kwantar da hankali, waɗanda ake buɗe kanti ana sallamar masu saye. A can jarina sai haɓaka yake yi, na zahiri kuwa yana nan jiya i yau. Ko in ciwo rance in faɗaɗa shi kamar yadda nake yi a wasan?"

Ɗan'uwa, kada ka ci rancen nan tukuna. Wasan kuma kada ka daina, don akwai abin ɗauka a cikinsa.

Dubi Moonlighter, wanda ya fito a 2018. Kai kake sa wa kaya farashi, mai saye ya ɗauka ya duba, alama ta bayyana a kansa. In ya yi murna fiye da kima, ka karyar da kayan ke nan. In ya ɓata rai ya ajiye, ka tsauwala. Wasan da kansa yake rubuta maka wannan a littafi, gobe ba sai ka yi lalube ba. In ka cika zuba kaya iri ɗaya, sai sha'awarsu ta ragu. To, a shagonka wa yake rubutawa? Mutum nawa suka taya kaya jiya suka juya ba su saya ba, kuma wane kaya ne? Yawancin waɗanda nake yi wa wannan tambaya shiru suke yi, abin kuma yana damuna ƙwarai, don a nan kuɗinsu yake zurarewa.

Sirrin nasararka a wasa ke nan: akwai mai riƙe maka lissafi. Ba ka zura hannu a aljihun shago don cefanen gida, babu ɗan'uwan da zai ɗauki kaya ya ce sai ƙarshen wata, uwar kuɗi ba ta cakuɗewa da riba ba ka sani ba.

Batun bashi kuwa, wasannin suna sassauta shi sosai. A Animal Crossing, rancen gida ba shi da kuɗin ruwa, ba shi da wa'adi, sai ranar da ka ga dama. Recettear, wanda ya fito a Japan a 2007, ya fi kusa da gaskiya: yarinya ce take buɗe kanti don biyan bashin mahaifinta, kowane mako ana karɓar kaso, kason kuma ƙaruwa yake yi. Amma ko a can, in ka gaza biya, sai a mayar da kai farko da kayanka a hannu. Mai bin ka bashi na gaske ba ya yin haka. Haya ma ba ta jira, kayan da suka yi kwantai kuma ba su biyan rance.

Ga abin da nake so ka yi. Sami littafi ɗaya, ka yi wata uku kana rubuta abu huɗu kowane dare kafin ka taɓa wasan: abin da ka sayar, abin da ka saro, abin da ka cira don kanka, da abin da aka ɗauka bashi. A gefe ka riƙa sa sunan duk kayan da aka nema ba ka da su. Ka yanka wa kanka albashi, kada ka wuce shi.

Bayan wata ukun, in ka ga kusan kullum ana neman kaya kaza kana cewa babu, kuma ribar da ta rage bayan haya da albashinka za ta ɗauki biyan rancen ko a watan da kasuwa ta yi sanyi, to, dawo da littafin mu duba nawa ya kamata ka karɓa.