Dattijo mai ciwon gwiwa zai iya bin hanyar Monsal da ƙafa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatu a Sheffield ta Ingila, kuma mahaifina zai zo bikin kammala karatuna a watan Yuli. Shekarunsa sun haura 65, yana fama da ciwon gwiwa, amma mutum ne mai son yawo, ba ya iya wuni a ɗaki. Abokan karatuna sun ce in kai shi hanyar Monsal, wai tsohon layin dogo ne da aka mayar hanyar ƙafa. Da na duba hotuna sai na ga duwatsu da kwazazzabai, gabana ya faɗi. Anya dattijo zai iya? Kuma me zai gani a wurin ban da ciyawa da tumaki?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah ya sa wa karatun albarka, ya kawo Baba lafiya. Zai iya, muddin dai kun tsaya a kan layin ba ku sauka daga kansa ba. Duwatsun da kika gani a hoto suna nan, amma hanyar ba ta hawa kansu: huda su ta yi, ta tsallake kwazazzaban a kan gada.

Dalili kuwa, jirgin ƙasa ba ya son hawa. Ƙafarsa ƙarfe ce tana gudu a kan ƙarfe, da zarar tudu ya yi tsanani sai ta riƙa zamewa. Shi ya sa da kamfanin Midland ya shimfiɗa wannan layi, wanda aka buɗe a 1863 ya zama hanyar jiragen Landan zuwa Manchesta, sai da aka yanke tudu, aka cike kwari, aka huda dutse, har hawan ya zama kamar mita 1 a cikin kowace mita 100. Gwiwa ba ta ma sanin ana hawa. An rufe layin a 1968, hukumar gandun Peak District, yankin da layin ya ratsa, ta buɗe shi ga masu tafiya a 1981, sannan a 2011 aka buɗe dogayen ramukan jirgi guda huɗu da suka daɗe a toshe: Headstone, Cressbrook, Litton da Chee Tor. Kafin nan dole mai tafiya ya kewaye su ta kan duwatsu, kuma da a lokacin kika tambaye ni da na ce ki bar Baba a gida. Yanzu hanyar ta miƙe kusan kilomita 14, daga kusa da Bakewell zuwa Blackwell Mill ta wajen Buxton, an daɓe ta da tsakuwa, har mai keken guragu yana bin ta.

Ba sai kun yi dukanta ba. Shawarata ku fara daga tsohuwar tashar Millers Dale, domin wurin ajiye motoci yana daidai da layin, akwai bayan gida da wurin shan shayi. Ku je da mota ko tasi. Bas yana sauke mutum ne a ƙasa bakin titi, sai an yi hawa kafin a kai tashar, haka ma tashar Bakewell tana kan tudu ne a saman garin. Wannan ɗan hawan na farko shi ke karya wa tsofaffi gwiwa tun ba a fara tafiyar ba.

Abin da zai gani kuma, dutsen kansa ne abin kallo. Farin dutse ne, irin wanda ake ƙonawa a samu farar ƙasa, dangin wanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe da Malbaza a Nijar ana yin siminti. Masana ilimin ƙasa sun ƙiyasta shekarun na wannan yanki da kimanin miliyan 340, lokacin da wurin yake ƙarƙashin wani teku mai ɗumi marar zurfi. Ƙwanso da ɓawon halittun ruwa ne suka taru, suka danne juna, suka daskare. A inda aka yanke dutse don jirgi ya wuce, musamman bakin ramin Headstone ta gefen Bakewell, za ku ga shi hawa-hawa, shimfiɗa a kan shimfiɗa. Ki sa Baba ya matsa kusa ya duba da kyau, har duwatsun katangun gona ma. Zai ga wasu 'yan zobba masu huda a tsakiya, wani lokaci a jere kamar ƙwayar carbi, guntayen karan wata halittar ruwa ce da ke maƙale a ƙasan teku. Zai ga ɓawo mai layi-layi. A kalla da ido a bar su a wurin, yankin yana ƙarƙashin kariya kuma ba a yarda a fasa dutse ba.

Halin wannan dutse shi ne ruwan sama yana cin sa. Ruwan yana ɗauko iskar kabon daga sama da cikin ƙasa, ya ɗan yi tsami, ya bi tsagar dutse yana narkar da shi a hankali har tsaga ta zama rami, rami ya zama kogo. Shi ya sa ƙasa ce da ake zabga ruwan sama, amma tudunta ba rafi, kwaruruka da yawa a bushe suke, makiyaya ma sai da suka riƙa gina 'yan tafkuna don dabbobi. Kogin Manifold da ke kudu da nan yakan ɓace gaba ɗaya cikin ƙasa da rani a Wetton Mill, sai a Ilam ya sake ɓullowa. Kogin Wye da za ku riƙa hangowa a ƙasanku bai ƙafe ba, shi ne ya sassaƙa kwarin da layin yake bi.

Daga Millers Dale in kuka nufi yamma, 'yan mintuna kaɗan za ku iske manyan tanderun ƙona farar ƙasa jingine da dutse, waɗanda suka yi aiki daga 1880 zuwa 1944. Ana zuba dutse da gawayin kwal ta sama, a kwashi farar ƙasa ta ƙasa, a loda wa jirgi a nan take. Gaba kaɗan akwai gada da matasa ke sauka daga kanta da igiya, sai ramin Chee Tor. In gwiwar ta yi gardama ranar, wannan kaɗai ya isa yawo.

In kuwa ƙafar ta saki, ku nufi gabas. Za ku hango Litton Mill a ƙasa, tsohuwar masaƙar auduga da ta yi ƙaurin suna wajen azabtar da marayun da ake kwasowa daga Landan su yi aiki. Yau gidajen kwana ne masu tsada. Sai ramin Litton, sai na Cressbrook, kowanne ya haura mita 400, sai gadar Headstone mai baka biyar, wadda ita ce a yawancin hotunan da kika gani. Marubucin nan na Ingila John Ruskin ya yi tir da ita a zamaninsa, yana cewa an ɓata kwarin ne kawai don kowane wawa na Buxton ya isa Bakewell cikin rabin awa. Yau doka ce ke kare gadar, kuma saboda ita ake cika wurin. Zuwa nan ya kusa kilomita 5, ki tuna akwai dawowa, kuma dawowar ce ke da ɗan hawan. Ku juya tun Baba bai ce ya gaji ba, don dattawanmu ba sa faɗa.

Abin da ya fi sa in ja miki kunne shi ne sauka daga layin. Daga gadar Headstone akwai 'yar hanya da ke hawa Monsal Head, inda ake ɗaukar hoton nan; gajeriya ce amma a tsaye take, saukowarta ta fi hawanta cin gwiwa. In yana son ganin wurin, ku zagaya da mota. Haka abokanki za su iya kwaɗaita miki Chee Dale, inda ake taka duwatsu a cikin kogi a gindin gangare. Wuri ne mai kyau ƙwarai, amma ba na Baba ba ne. Farin dutse in ƙafafu suka goge shi sai ya yi sumul, ya jiƙe kuma ya yi santsi na fitar hankali, kuma in kogin ya cika yakan shanye duwatsun takawar.

Cikin ramukan akwai sanyi ko a Yuli, ruwa yana ɗiga daga sama, don haka ya riƙe rigar sanyi da ta ruwa. Ana kunna fitilu da rana kaɗai, amma a Yuli rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, ba za ku matsu ba. Masu keke sun fi komai yawa, wasunsu da gudu, ga dawaki jefi-jefi. Ku riƙe gefen hagu, ke ki tsaya ta ɓangaren da kekuna ke wucewa, musamman cikin rami inda ƙara ke rikita kunne. Ku je tsakiyar mako da safe, Asabar da Lahadi wurin ba masaka tsinke. Ki ɗauki ruwan sha da na alwala a gora, don kogin yana can ƙasa nesa da hannu, da 'yar darduma. A gefen tsohon dandamalin tashar Millers Dale akwai fili da kujeru inda zai yi azahar ya miƙe ƙafa. Takalmi mai kama ƙasa, da sandarsa in yana amfani da ita. In likita ya taɓa iyakance masa tafiya, a bi maganar likitan a kan tawa.